Yatsa Huɗu a Gindin Bango

Zuwa ga Tela,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya barin maƙwabta su yi barcin rana. Ki gaishe min da Gwaggo gaisuwa ta musamman, ki ce mata Dogonta yana nan ƙalau, yana ci yana sha. Direban da ke ɗauko mana siminti ya kawo min takardarki. Kin yi ƙorafin waya. A wurin aiki ba a barinmu da ita, kuma ai Gwaggo ta fi son takarda, tunda ita ana iya maimaita mata sau goma.

Na ji mai gidan haya ya karɓi ɗakinsa, kun mai da Gwaggo gidan da na gina mata. Ba laifi. Amma maganar da kika kawo ta a samo birkila ya gyara bangon ɗakinta, ki ajiye ta. Ke zare da allura kika sani, bari in koya miki.

Bango riga biyu yake sawa. Ta ciki ita ce filastar yashi da siminti, wadda na yi da hannuna zuwan da na yi shekara biyu da suka wuce. Tun tana ɗanya na ɗauki ƙusa na kakkarce ta daga sama har ƙasa. Da gangan na yi, don riga ta biyu, wato farin shafe, ta sami abin kamawa. Kaushin da kike kuka da shi ba kuskure ba ne, aiki ne yake jiran mai shi. Na so in dawo bayan sati uku in ƙarasa, kamfani ya riƙe ni.

Ba ki nan ranar da na kai Gwaggo asibitin ido, ranar da likita ya ce sai haƙuri. Muna fitowa ta dafa bango, ta tsaya tana shafa shi, ta ce ashe akwai bango mai laushin kumatun jariri? Na ce mata zan yi mata wanda ya fi shi. Matar da ta ɗauke ni ina maraya ɗan shekara huɗu, ita ba ta haifa ba, ba zan bar wani ɗan ci-da-siminti ya cika mata alƙawarina ba.

Ni da na bar makaranta a aji uku, yau masu digiri ke tsayawa su kalli hannuna. An taɓa haska fitila a gefen bangon da na shafe, bene hawa goma sha ɗaya, ba a ga inuwa ko ɗaya ba. Don haka kowa ya sa ido, kada ya sa hannu. Ina tafe da zarar mun miƙa ginin nan.

Ɗan'uwanki,
Dogo

*

Zuwa ga Sarkin Shafe na duniya,

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda, mun sha karatu. Ashe makarantar gini aka buɗe mana ta hannun direba. Maigida yana gaishe ka, yara ma. Kekena kuwa lafiyarsa lau, shi ba ya cewa yana tafe ya yi shekara biyu.

Na karanta wa Gwaggo sau uku. Wurin bene hawa goma sha ɗaya ta sa na maimaita, tana dariya, wai tun kana yaro ba ka iya faɗin abu ƙarami ba. Ta ce in tambaye ka ko kana samun ruwan zafi na wanka.

To, ga abin da ban karanta mata ba, don ba a takardarka yake ba, a hannunta yake. Kai ka san bango da ido, ita da hannu take tafiya. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bayi, tafin hannunta yana jikin bangon nan naka. Ta ƙi sanda, ta ce ita ba almajira ba ce. Bayan yatsunta duk sun saɓule, gwiwar hannunta ta dama ta goge har ta yi ruwa. Ka kuma san tana da ciwon suga, ƙaramin ƙurji ma wata yake yi bai rufe ba. Na ɗinka mata safar hannu da ragowar yadi mai laushi, ta sa kwana ɗaya ta cire, wai ba ta jin komai a ciki. Na rataya tsofaffin zannuwa a bango, ta bi ta sassauke su ta ninke min.

Jiya ina wanke mata hannun da ruwan ɗumi ta ce, “Duk sanda na taɓa bangon nan, Dogo nake ji.” Kai ka auna.

Birkilan layinmu ya zo ya duba. Ya ce kwana uku ya ishe shi. Ba ya cewa ya fi ka, da ya ji aikinka ne sai da ya cire hula. Buhunan farar hodar shafe shida da ka bari suna nan a ɗakin ajiya. Ka ce to kawai.

Sannan wannan rubutu naka fa? Da kai ne mai rubutun da malamai ke nuna wa 'yan aji. Yanzu kamar kaza ta yi tono. In sauri kake don takardar Tela ba ta cancanci zama ba, to na ji. Kakata da kakanka dai ciki ɗaya suka fito, ba ka da inda za ka kai ni.

Taubashiyarka,
Tela

*

Tela,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya. Ki gai da gida.

Na auna, kamar yadda kika ce. Wato an zaunar da tsohuwa ana wanke mata ciwo, ana sa ta tana cewa ni ne ciwon. Na gode. Ban san har na kai matsayin da za a riƙa aiko min da magana a naɗe cikin bakin Gwaggo ba. Wa ya sayi filin? Wa ya ɗora bulo a kan bulo, ya yi rufi, ya ja ruwa har tsakar gida? Lokacin da take ɗakin hayar da ke yoyo, dangi nawa ne suka san hanyar ƙofarta in ban da ke da ni? Yanzu saboda bango bai yi sulɓi ba na zama butulu.

Birkilanki na san irinsu. Zai kaɗa ruwan siminti tsura ya goge bangon ya yi ƙyalli kamar kwalba, kowa ya ce madalla. Bayan wata shida ya tsattsage kamar ƙasan tafki, kuma daga ranar babu farin shafen da zai sake kama shi har abada. Ya cire hula, ya mai da abarsa.

Ki sayo mata sanda mai kyau, ki lallashe ta. Ki ja gadon kusa da ƙofa. Rubutuna kuwa a kan gwiwa nake yi, babu tebur a ɗakinmu.

Na ce ina tafe.

Dogo

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Wannan ita ce takarda ta uku tun bayan taka mai zafi. Direba ya rantse min ya danƙa maka biyun farko hannu da hannu. Wayarka kullum a kashe. Damina ta shigo ta kusa fita.

In maganata ce ta ɓata maka, ka yi haƙuri. Ban sa Gwaggo ta ce komai ba, abin da ta faɗa na rubuta. Na ja gadon kusa da ƙofa kamar yadda ka ce, ta sa yara suka mai da shi inda yake. Sandar tana rataye a ƙusa.

Ƙaramin yatsanta na dama ya kumbura ya yi baƙi a kai. Mun je asibiti ranar Talata. Likita ya tsaga ya wanke, ya tambaye ni wane aiki tsohuwa makauniya take yi da hannunta ya zama haka. Na ce bango take bi da shi. Ya ce in ya ci gaba da gogewa, zuwa na gaba ba wanki za a yi ba, cirewa za a yi, kuma ba ya ba da tabbacin a yatsa ɗaya za a tsaya.

Ba ni da ƙarfin yin faɗa da kai. Gidanka ne, maigida ya ce ba za mu sa hannu a ginin mutum ba da izininsa ba. Kullum in ta ji ƙarar babbar mota a bakin titi sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ko ka zo, ko ka ce to, ko ka ce a'a in san ka zaɓa.

Tela

*

Zuwa ga 'yar'uwata Tela,

Assalamu alaikum. Takardunki uku duk suna ƙarƙashin matashina. Wannan kwana tara na yi ina rubuta ta, layi biyu, uku, in huta. Ki karanta wa Gwaggo gaisuwa, ki ce ina samun ruwan zafi. Daga nan ki tsaya, sauran naki ne.

Akwai tebur a ɗakinmu.

Hannuna na dama rawa yake yi. Ya fara wata huɗu bayan dawowata daga gida. Da fari babban yatsa ne kawai, in na riƙe cokalin shafe sai ya lafa. Na ɓoye shi kusan shekara. Ran nan injiniya ya zo da fitilar nan da nake miki alfahari da ita, ya haska gefen bangon da na gama, sai ga shi duk ƙananan tudu, kamar ruwan da iska ta taɓa. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko sabon ma'aikaci aka ba wannan ɗaki. Mutum goma sha biyu a wurin, rabinsu ni na koya musu riƙon cokali, kowa ya sunkuyar da kai.

Likitan kamfani ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ba su kore ni ba. Sun ba ni tiyo. Ni ne mai ba bulo ruwa safe da yamma, aikin da hannu mai rawa ya fi kowa iyawa. Maganin a nan ake ba ni, shi ya sa nake zaune. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin, Gwaggo ba ta gani amma tana ji. Cokali a hannun gwani shuu yake yi, dogo, numfashi ɗaya. Nawa yanzu kaf-kaf-kaf yake yi kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ba zan iya tsayawa a ɗakin nan tana zaune a bakin gado tana saurare ba. Waya ma don haka na kashe, tana gane ƙarya a muryata tun ina satar sukari.

Ki kira Birkila. Ki ba shi haƙuri a kan maganar hula. Amma ya bi wannan, kada ya ƙara nasa.

Buhunan nan shida a zubar. Hodar da ta shekara biyu ta mutu, a bokiti za ta daskare kafin ta kai bango. A sayo sabuwa, ya duba kwanan watan da ke jikin buhu. A kwashe Gwaggo zuwa gidanki kwana biyar. Ya share bangon da burushi mai tauri. Bangon ya yi shekara biyu yana jin ƙishi, in aka ɗora masa shafe haka zai tsotse ruwan ya tofar da hodar, don haka a jiƙa shi sosai da yamma, a sake yayyafawa da safe, har ya daina sha amma ba ya zuba. Hawa biyu zai yi, kowanne bai fi kaurin kwali ba, na biyu tun na farko bai bushe ba. Sannan ya jira. Nan ne ake gane gwani. In ya dafa yatsa bai manne ba amma akwai sanyi, sai ya yayyafa ruwa kaɗan ya bi da cokali mai tsabta. Kada ya kai shafen har ƙasa. Ya bar yatsa huɗu a gindin bango, don kada danshin daɓe ya hau, nan za a sa tayil daga baya.

Ki tsaya a kansa kamar yadda kike tsayawa a kan masu koyon ɗinki. In an gama, ki ce mata ni na aiko da yadda za a yi. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Kada maigidanki ya ji maganar tiyo.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta a shago, na rufe shagon na koma gida. Ni da na ce rubutunka tonon kaza. Ka yafe min. Ban gaya wa kowa ba.

An yi aikin. Na tsaya a kan Birkila har ya ce ko a wurin mai gidansa bai sha irin wannan ba. Takardarka na ninke wurin sirrin na riƙa karanta masa sauran. Ya bi komai. Da ya gama ya ce shekara ashirin yana gini, sai yau ya san ana jiran bango. Dogo, ɗakin ya yi kyau. Fari tas, in ka shafa kamar cikin faranti. Maƙwabta sun yi ta shigowa kallo.

Ranar ta shida na kawo ta. Na ce mata ga alƙawarin Dogo, shi ya aiko da yadda za a yi. Ta ɗora hannu. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta ce lallai ya fi na asibiti. Na zaunar da ita a gado na fita ɗebo ruwa.

Da na dawo na same ta a kusurwar da ke bayan gado, fuskarta a bango, tana ta bi da hannu biyu. Ta zagaya ɗakin ta wuce ƙofa ba ta sani ba, don a rufe take. Ta ce, “Tela, ina kuka kai ƙofar?”

Sai a ranar ta gaya min. Ashe duk karcen nan naka ta haddace shi. Daga kan gado layukan a kwance suke, guda bakwai ƙarƙashin tafin hannunta. In sun fara karkata, taga ta kusa. Akwai inda ƙusar ta kuɓuce maka ta yi ƙugiya, daga nan taku biyu sai ƙofa. Kusa da ƙofar kuma layukan sun yi zurfi sun yi faɗi, ta ce nan ka gaji kana sauri, tana jin haushinka a wurin, har takan ce maka sannu. Maganar da ta yi min ina wanke mata hannu, abin da take nufi ke nan. Ni na ɗauka ƙorafi ne na aiko maka da shi don ya yi maka zafi, kai ma ka karɓa a haka. Ba wanda ya tambaye ta.

Ta tambaye ni sau ɗaya ko kai ne ka ce a rufe karcen. Na ce e. Ta ce to.

Yatsan ya warke, likita ya yi murna. Amma sati uku ke nan ba ta sauka daga gado sai an ɗaga ta. Ta faɗi sau ɗaya a kwana na biyu, ba ta ji ciwo ba, daga nan ta daina gwadawa. Na ɗaura igiya daga gado zuwa ƙofa, ta ce ita ba akuya ba ce. Na ɗauki ƙusa na ja layi a sabon bangon daga gado har ƙofa. Ta bi shi taku ɗaya ta saki. Ta ce, “Wannan naki ne. Ke tsoron bangon kike ji, shi kuwa ba ya tsoro.”

Abinci sai cokali uku, huɗu. Ƙafafunta sun fara kumbura saboda zama. Babbar mota ta wuce jiya, ba ta taɓa ɗankwalinta ba.

Ban san abin da zan roƙe ka ba a wannan karon.

Tela

*

Tela,

Gaisuwa. Rubutun da kike gani na mai gadin sitonmu ne, ni nake faɗa yana rubutawa. Biro ya daina zama a hannuna. Ya yi alƙawarin abin da ya ji zai bar shi a nan.

Na nemi ƙusa jiya na gwada a bayan sito, a kan ɗanyar filasta. Da dama, da hagu. Abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. In na zo na ja mata wannan, za ta san komai a taku na farko, kuma ba zai kai ta ƙofa ba. Kankare shafen ma ba zai yi ba, ya riga ya cike karcen, ni na tabbatar da haka da kaina.

Shekara ashirin da shida ina rufe aikin wasu da nawa don kada a ga hannun kowa. Ina ce shi ne gwaninta.

Saura abu ɗaya. Kada a sa tayil ɗin nan. In Birkila ya bi maganata, akwai yatsa huɗu a gindin bango da bai taɓa ba, zagaye da ɗakin. Na karce har ƙasa, na tuna, a durƙushe na yi. Ki fitar da gadon. Ki shimfiɗa mata katifa a daɓe, ki manna ta da bangon da ke kallon taga, gefen damanta a jikin bango. Kada ki ce mata komai, ki bar hannunta ya sauka da kansa.

Ba zai tashe ta tsaye ba, na sani. Mutum ba ya tafiya da abin da ke gindin bango. Amma in tana kwance za ta same ni.

Ki shafa mata mai a yatsun kullum don kada su sake saɓulewa. In ta tambaya, ki ce ina samun ruwan zafi. Kada ki ce mata ina tafe.

Dogo